Kama da Wane Ba Ta Wane: Fotasiyam Sitiret, Haɗurransa da Ruɗanin Sunansa da Kanwa a Birnin Katsina

Tsakure

Fotasiyam sitiret sinadari ne da likitoci ke bayarwa domin hana tsakuwar ƙoda da rage zafin fitsari, ana kuma zuba shi a wasu kayan sha na kwalba da na gwangwani. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda sinadarin yake, da aikin da yake yi a jikin ɗan'adam, da haɗurran da ke tattare da shi, da kuma ƙa'idojin shansa da ajiye shi a yanayi irin na birnin Katsina, musamman unguwar GRA. Maƙalar ta nuna cewa babban haɗarinsa shi ne taruwar fotasiyam a jini, wadda kan iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Ta kuma nuna cewa wani ɓangare na haɗarin daga harshe yake, domin fassara kanwa da kalmar Ingilishi *potash* ya buɗe ƙofar ɗaukar abubuwa biyu mabambanta a matsayin abu ɗaya. A ƙarshe an kawo shawarwari a kan kalmomin da suka dace a yi amfani da su wajen faɗakar da Hausawa.

Muhimman kalmomi: fotasiyam sitiret, kanwa, toka, tsakuwar ƙoda, fassara, Katsina

1.0 Gabatarwa

Idan magana ta zo ƙarshe, Bahaushe kan ce, "kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta." Karin maganar ya ginu ne a kan abin da kowace mai girki ta sani, wato idan yakuwa ta cika tsami a miya, ɗan gutsuren kanwa ne ke daidaita ta. A kan irin wannan hikima ce likitocin zamani ke ba wasu marasa lafiya fotasiyam sitiret, domin ya kashe tsamin fitsarinsu. Kamannin da ke tsakanin aikin kanwa a tukunya da aikin wannan magani a jiki gaskiya ne, amma kamanni ne na aiki ɗaya kawai. Abin da aka yi kanwa da shi daban, abin da aka yi maganin da shi daban, kuma illar da kowannensu ke yi idan ya yi yawa ita ma daban ce.

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wannan bambanci ga masu nazarin Hausa, kasancewar su ne masu fassara, da masu tsara ƙamus, da masu horar da 'yan jaridar da ke isar da saƙon likita ga jama'a. An ɗauki unguwar GRA ta birnin Katsina a matsayin muhallin misali, saboda abubuwan da ke sa wannan magani ya zama haɗari sun haɗu a irin wannan unguwa: zafin rana, da yawan masu manyan shekaru, da kuma sauƙin samun magani ba tare da ganin likita ba.

2.0 Mene ne Fotasiyam Sitiret?

Sunan ya ƙunshi kalmomi biyu, kowace da tarihinta. Fotasiyam wani ƙarfe ne mai laushi wanda masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya fara ware shi a shekarar 1807 daga sinadarin da ake samu a tokar itace. Sitiret kuwa ya samo asali ne daga asid ɗin da ke ba lemon tsami tsaminsa, wanda Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ya ware a 1784. Idan aka haɗa wannan asid da fotasiyam, sai a samu farin gari mai ƙyalli kamar sukari, marar wari, mai ɗanɗanon gishiri-gishiri. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa fotasiyam ne zalla. Yana narkewa a ruwa nan da nan, kuma yana zuƙar danshin iska, ta yadda idan aka bar shi a buɗe zai dunƙule, daga baya ya jiƙe ya zama ruwa-ruwa.

Ana samun sa a siffofi uku. Na farko shi ne na ruwa, wanda akan ga an rubuta *Mist. Pot. Cit.* a jikin kwalbarsa ko a takardar likita. A haɗin da kundin magunguna na Birtaniya ya tsara, kowace mililita 10 tana ɗauke da giram 3 na sinadarin. Na biyu shi ne ƙwaya mai narkewa a hankali, irin su Urocit-K, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1985 bayan binciken Dakta Charles Pak a birnin Dalas. Na uku shi ne garinsa da masana'antun abinci ke zubawa a lemon kwalba da makamantansu domin daidaita tsami, inda akan rubuta shi da lambar E332.

2.1 Aikinsa a Jiki

Masana kimiyya suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, lamba 7 kuma ita ce tsaka-tsaki. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne. Idan fitsarin mutum ya daɗe yana ƙasa da 5.5, wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna yurik asid ba ya narkewa sosai, sai ya riƙa daskarewa har ya zama tsakuwa a ƙoda. Da an sha fotasiyam sitiret, hanta kan sarrafa sitiret ɗin ya koma bakabonet, wanda ke rage tsamin jini da na fitsari. Likita kan nemi fitsarin ya tsaya tsakanin 6.0 da 7.0. Bugu da ƙari, sitiret ɗin da ya fita ta fitsari yana kama kalsiyam ya riƙe shi a narke, ya hana shi haɗuwa da okzalet, wanda haɗuwarsu ce ke haifar da nau'in tsakuwar da ta fi yawa a duniya.

Ke nan amfanin maganin tabbatacce ne ga masu yawan yin tsakuwar ƙoda da masu wata lalurar ƙoda da ke sa jini ya yi tsami. Na ruwan kuma akan sha shi na 'yan kwanaki domin rage raɗaɗin fitsari. Sai dai rabin da ake nema a maganin shi ne sitiret. Ɗaya rabin, wato fotasiyam, yana shiga jini tare da shi, kuma a nan haɗarin yake.

3.0 Kanwa, Toka da Kalmar *Potash*

Kalmar *potash* ta samu ne daga kalmomin da ke nufin tukunya da toka. Turawan da can sukan jiƙa tokar itace, su tace, su dafa ruwan a tukunya har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Daga wannan kalma aka ciro sunan fotasiyam. Harafin K da ake yi masa alama da shi ma daga kalmar *kalium* yake, wadda asalinta kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne abin da mata ke yi idan suka tace tokar kara suka samu ruwan toka na zubawa a miya ko na dafa sabulun salo. Saboda haka abin da ya yi daidai da *potash* na asali a Hausa shi ne toka da ruwan toka.

Kanwa kuwa daga ƙasa ake haƙo ta ko a kwashe ta a busassun tafkuna. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa *Salt of the Desert Sun* na 1986, ya bi diddigin yadda fatake suka riƙa kawo ta daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Muniyo zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, har su wuce da ita Gwanja su sayo goro. Hausawa sun rarrabe ta gida-gida, akwai jar kanwa, da farar kanwa, da ungurnu. Binciken kimiyya ya nuna cewa mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam kabonet ne da sodiyam bakabonet, tare da gishiri da yashi, fotasiyam ɗin da ke ciki kuwa kaɗan ne. Duk da haka, Turancin Nijeriya ya laƙaba mata sunan *potash*, ƙamusoshin Hausa da Ingilishi da dama kuma suka bi sahu. Hausa ta bambanta kanwa da toka tun fil azal. Fassara ce ta cakuɗa su.

Wannan cakuɗewa na iya haifar da kurakurai uku. Na farko, wanda likita ya rubuta wa fotasiyam sitiret saboda tsakuwa zai iya zaton jiƙon kanwa zai wadatar, tunda ita ma tana kashe tsami kuma ta fi araha. Amma sodiyam ɗin da ke cikin kanwa yana ƙara yawan kalsiyam a fitsari, yana kuma tayar da hawan jini, wato yana iya ƙara rura matsalar da ake son kashewa. Na biyu, mai ciwon ƙoda da aka ce ya rage fotasiyam zai iya barin kanwa ya ɗauka ya cika umarni, alhali yana ci gaba da cin miyar toka, da amfani da gishirin masu hawan jini wanda aka maye wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da fotasiyam, har ma da shan *Mist. Pot. Cit.* idan fitsari ya yi masa zafi. Na uku, wanda ya ɗauki maganin a matsayin "kanwar asibiti" ba zai ji tsoron ƙara awo ba, domin ya saba ganin kanwa a kicin tun yana yaro.

Ita ma kanwa tana da tata illar idan ta yi yawa. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawaitarsa a yankin da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Bincike na baya-bayan nan da aka yi a Kano ya ƙaro wasu dalilai, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Abin lura a nan shi ne illar da aka jingina wa kanwa ta sodiyam ce, wanda ke tara ruwa a jiki. Illar fotasiyam ta wata hanya daban take zuwa.

Akwai kuma suna na uku da kan shiga tsakani, wato fotasiyam buromet, wanda wasu masu gidan burodi ke zubawa domin burodi ya kumbura. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, saboda alaƙarsa da cutar daji da lalacewar ƙoda. Tarayyar da ya yi da fotasiyam sitiret a rabin suna ce kawai. Ɗan abin da ake zubawa na E332 a lemon kwalba ba shi da wannan illa ga mai lafiya.

4.0 Haɗurran Fotasiyam Sitiret

4.1 Taruwar Fotasiyam a Jini

Jiki ba ya rayuwa sai da fotasiyam, domin da shi jijiyoyi ke isar da saƙo, da shi kuma tsokar zuciya ke bugawa a kan tsari. Kusan kashi 98 cikin ɗari na fotasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyin halitta yake, ɗan ragowar ne ke yawo a jini. Awon da ya dace a jini shi ne milimol 3.5 zuwa 5.0 a kowace lita. Idan ya wuce 5.5 an shiga matsala, idan ya kai 6.5 kuwa lamarin na gaggawa ne, domin bugun zuciya na iya rikicewa ko ya tsaya cak. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar da ta shiga jiki. Muddin tana da lafiya, rarar kan bi fitsari ta fita. Idan ta yi rauni, sai fotasiyam ya taru.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa baligi ya samu aƙalla milimol 90 na fotasiyam a rana daga abinci, wato miligiram 3,510. Mililita 10 ta maganin ruwa tana ɗauke da kimanin milimol 28. Wanda ya sha sau uku a rana kamar yadda aka saba rubutawa ya ƙara milimol 84 a kan abin da ya ci a abinci, kusan abincin yini guda ke nan. Idan kuwa ya auna da babban cokali mai cin mililita 15, abin da ya sha ya kai milimol 126. Mujallar likitanci ta Birtaniya, BMJ, ta buga rahotanni a 1981 da 1987 a kan marasa lafiyar da wannan haɗin ruwa ya tara wa fotasiyam a jini har ya kai matakin haɗari.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne sau da yawa ba ya nuna alama. Idan ma ya nuna, alamun sun yi kama da na gajiya ko zazzaɓi: kasala, da nauyin ƙafafu, da jin kamar ana tsira allura a yatsu ko leɓe, da tashin zuciya, da faɗuwar gaba. Haka ita ma cutar ƙoda kan daɗe tana cin mutum bai sani ba. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da halin da ake ciki.

4.2 Magungunan da Ba Sa Jituwa da Shi

Wasu magungunan da aka saba sha kullum suna hana ƙoda fitar da fotasiyam. Daga ciki akwai na hawan jini irin su lisinofiril da enalafiril da losatan, da masu sa fitsari irin su sifironolakton da amilorayid, wanda ke cikin ƙwayar Moduretic da ta shahara a Nijeriya. Akwai na ciwon jiki da gaɓoɓi irin su daikulofenak da ibufurofen, da kuma Septrin da akan sha saboda cutar mafitsara. Dattijon da ke shan lisinofiril da safe, ya sha daikulofenak saboda ciwon gwiwa, sannan ya ƙara da *Mist. Pot. Cit.* saboda zafin fitsari, ya haɗa abubuwa uku da kowannensu ke tura fotasiyam sama. Haka nan sitiret yana ƙara yawan alminiyam da hanji ke tsotsa daga wasu magungunan ƙwannafi da gyambon ciki, abin da ke da haɗari ga mai raunin ƙoda.

4.3 Illa ga Ciki da Hanji

Gishirin fotasiyam mai ƙarfi yana cin fatar ciki idan ya zauna wuri ɗaya. Shi ya sa shan maganin ba a surka ba, ko shan ƙwayar da yunwa, kan jawo tashin zuciya da amai da zawo da ciwon ciki. A wasu lokuta ƙalilan ƙwayar kan yi gyambo har ya zubar da jini. An hana ta ga mai gyambon ciki da wanda abinci ke daɗewa bai wuce masa ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani, alamu ne na a dakatar da magani a nufi asibiti.

4.4 Matsalar "Ciwon Sanyi"

A bakin Hausawa, "sanyi" laima ce da ta rufe lalurori da dama: zafin fitsari, da ciwon mara, da ƙaiƙayi, da fitar ruwa, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Fotasiyam sitiret ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, raɗaɗi kawai yake ragewa. Mai cutar mafitsara da ya ji sauƙi ya fasa zuwa asibiti yana iya ba cutar damar haurawa zuwa ƙoda. Wasu ƙwayoyin cutar ma sun fi jin daɗin fitsarin da ba shi da tsami, inda suke gina wata irin babbar tsakuwa. Haka kuma maganin na rage ƙarfin naitirofurantoyin, wanda likitoci ke yawan bayarwa domin cutar mafitsara. Idan kuma aka kashe tsamin fiye da kima har ya haura 7, sai a buɗe hanyar wata tsakuwar ta kalsiyam fosfet. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da namijin da ke jin zafin fitsari, da duk wanda abin ya haɗa masa da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ko jini a fitsari, likita ya kamata su gani tun farko.

5.0 Muhallin GRA ta Katsina

GRA unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa jami'ansu a wajen ganuwar birni, a yau kuma ta zama mazaunin manyan ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa. Abubuwa huɗu ne suka sa batun wannan magani ya shafi irin wannan unguwa.

Na farko yanayi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40 ko ya haura. Gumi na rage yawan fitsari ya sa ya yi kauri, wanda shi ne ke kawo zafin fitsari da tsakuwa, wato dalilin neman maganin. Ƙarancin ruwan nan dai shi ne kuma ke rage wa ƙoda ƙarfin fitar da fotasiyam. Ke nan lokacin da aka fi neman maganin shi ne lokacin da ya fi haɗari. A shekarun 2023 zuwa 2025 azumin Ramadan ya faɗo a cikin Maris da Afrilu, kuma mai azumin da ya haɗe awo uku tsakanin buɗa-baki da sahur ya zuba wa jikinsa fotasiyam mai yawa cikin 'yan sa'o'i.

Na biyu shekaru ne. Hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa da girma, kuma su ne manyan abubuwan da ke raunana ƙoda. Masu su ne kuma ke shan magungunan da aka ambata a sama.

Na uku sauƙin samu ne. Mai hali yana iya sayen magani a kantin magani, ko ya yi oda ta intanet, ko a kawo masa tsaraba daga ƙasar waje. Ƙwayar ƙarin fotasiyam da ake sayarwa a kantunan Amurka ba da takardar likita ba yawanci miligiram 99 take ɗauke da shi, ita kuwa ƙwayar Urocit-K mai nauyin miligiram 1,080 tana ɗauke da kimanin miligiram 390. Suna ɗaya ne a jikin kwalaben biyu, amma ɗaya ta ninka ɗaya kusan sau huɗu.

Na huɗu al'adar aike ce. A gidan babban mutum, direba ko yaron gida ake aika sayen magani, balle maganin abin da ya shafi fitsari, wanda kunya ke hana a faɗe shi da baki. Mai kantin magani zai so ya san ko mai shan yana da ciwon ƙoda, ko yana shan maganin hawan jini, amma ɗan aike ba shi da amsa.

6.0 Ƙa'idojin Sha da Ajiya

Kafin a fara shan maganin na dogon lokaci, wajibi ne a yi gwajin ƙoda da na fotasiyam, a kuma riƙa maimaitawa. Takardar Urocit-K ta nemi a yi hakan duk bayan wata huɗu, ta kuma hana wuce milimol 100 a rana. Ana yin irin wannan gwaji a manyan asibitocin birnin, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Ya kamata majiyyaci ya tafi da dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya nuna wa likita.

Na ruwa ana auna shi ne da kofin awo ko sirinji mai lamba, a surka shi a cikin kofi cike da ruwa, a sha bayan cin abinci. Kafa baki a kwalba a yi kurɓi ba awo ba ne. Ƙwaya kuwa haɗiye ta ake yi ɗungurungum da ruwa mai yawa, tare da abinci ko cikin minti 30 bayansa. Ba a tauna ta, ba a daka ta, ba a tsotsa, domin an lulluɓe sinadarin da wani irin kaki ne don ya riƙa fita a hankali. Wanda ya manta awo ɗaya ba ya ninka na gaba. Idan amai ko zawo ya kama mutum, sai ya dakata har ya ji daga likita. Ayaba da dabino da dankali da tumatir da wake suna da fotasiyam da yawa. Ga mai lafiyar ƙoda alheri ne, amma mai raunin ƙoda yana bukatar a ƙayyade masa.

Wajen ajiya, ƙwayar tana son wuri mai digiri 20 zuwa 25, don haka aljihun mota da bakin taga ba wurin ajiyarta ba ne a bazarar Katsina. Da damina kuma, musamman a Agusta, sai a tabbata murfi ya rufu sosai saboda danshi. Kada a juye maganin a gorar ruwa ko kwalbar lemo, domin na ruwan yana da zaƙi da ƙamshin lemo, yaro zai iya ɗauka ya shanye. Masu aiki da garinsa a ɗakin gwaje-gwaje ko masana'antar kayan sha su sa safar hannu da tabarau da takunkumi, su rubuta suna a jikin mazubi, domin ido ba ya bambanta shi da sukari ko gishiri. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti 15. Idan wani ya sha fiye da kima, kada a sa shi amai, kada kuma a tsaya ba shi madara ko manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, inda za a duba bugun zuciyarsa, a yi masa allurar kalsiyam da ta insulin haɗe da sukari, in ta kama a yi masa wankin ƙoda.

7.0 Aikin da ke Gaban Masana Hausa

Samar da kalmomin fannu ba sabon aiki ba ne ga masana Hausa. Akwai *Hausa Metalanguage* na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, da *Ƙamusun Hausa* na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙamusun kalmomin cutar ƙanjamau da Ebola da aka buga a Ibadan a 2017. Fannin sinadarai da magunguna ma yana bukatar irin wannan kulawa. Dangane da abin da aka tattauna, ana ba da shawarar a bar "fotasiyam" da "sodiyam" a matsayin kalmomin aro, kada a fassara ko ɗaya daga cikinsu da "kanwa". A bayyana kanwa da cewa gishirin ƙasa ce mai sodiyam, ruwan toka kuma mai fotasiyam. A kira fotasiyam sitiret "maganin kashe tsamin fitsari", a guji kiran sa "maganin sanyi" ko "maganin wankin ƙoda". A kuma daina rubuta "cokali ɗaya" a takardar magani ba tare da adadin mililita ba, tunda cokalin shayi 5 yake ci, babban cokali kuma 15.

Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na iya haɗa gwiwa da likitocin ƙoda da masana harhaɗa magunguna na jihar domin tsara gajeren bayanin gargaɗi da Hausa, a boko da ajami, wanda za a liƙa a jikin kwalba. Shirye-shiryen kiwon lafiya na Rediyon Jihar Katsina da Companion FM su ma hanya ce ta yaɗa daidaitattun kalmomin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fotasiyam sitiret magani ne mai amfani ga wanda aka auna lafiyar ƙodarsa, kuma yana iya zama ajalin mai raunin ƙoda ko mai shan magungunan da ke riƙe fotasiyam. Ta nuna cewa kanwa sodiyam ce, toka ce ke da fotasiyam, kuma kalmar *potash* ce ta gwama su a fassara. Tambayoyi biyu ne suka kamata su riga sayar da kowace kwalba: yaya lafiyar ƙodar mai sha, kuma waɗanne magunguna yake sha? Likita ne zai amsa su da gwaji, amma sai an yi su da Hausar da ba ta rikita majiyyaci ba kafin ya san akwai bukatar gwajin.